Kwanon Sagiru

Da aka raba mana batutuwan binciken kammala digiri, ƙawayena ɓeraye suka samu. Farare tas, a cikin keji, ba sa musu, ba sa karɓar baƙi, ba su da dangi. Ni kuwa Ramla, da bakin nan nawa da ba ya gajiya da tambaya, sai na ɗaga hannu a lacca na tambayi Dakta Suwaiba abin da ke sa wanda ya ƙone ya rame, alhali fata wutar ta ci, ba ciki ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Madalla. Je ki gano mana." Haka na jawo wa kaina ɗakin masu ƙuna na asibiti, ita kuma ta zama mai duba aikina.

Abin da na karanta ya tsaya mini a rai. Ashe idan ƙuna ta yi yawa, wutar waje ce kawai ruwa ke kashewa, daga nan jiki sai ya kunna tasa. Zuciya ta dinga gudu kamar mutum na hawan tudu alhali yana kwance, jiki ya ɗau ɗumi, duk abin da aka ci ya ƙone nan take, domin gyaran fata aiki ne mai cin abinci. Idan abincin bai isa ba, jiki ba ya tsayawa jira. Juyawa yake kan tsokarsa ya fara ci, kamar matar da itace ya ƙare mata tana tsakiyar tuƙa tuwo, ta ɓalle ƙyauren kicin ta tura a murhu. Kuma abin yana iya ɗaukar watanni. Wato mutumin da kake gani kwance shiru, ka ce hutawa yake, jikinsa ya fi na kowa aiki a ɗakin.

Nawa aikin mai sauƙi ne a baki. Majinyata shida suka yarda in riƙa bin su. In zagaya tef irin na tela a damtsen kowa in ga ko tsoka na raguwa, in ƙirga bugun zuciya, sannan in auna kwanon abincinsu kafin ci da bayan ci. Sikelin da nake awon ma na yayata Madina ne, wanda take auna fulawar kek da shi, kuma ba ta bar ni na fita da shi ba sai da na yi mata rantsuwa. Da safe in auna kwano cike in ruga makaranta, da la'asar in dawo in auna abin da ya rage.

A cikin shidan akwai Sagiru, ɗan acaɓa daga Kambarawa. Wuta ta ci masa baya gaba ɗaya da bayan ƙafafu da hannun hagu, don haka kullum a kife yake ko a kishingiɗe ta gefen dama. Mutum ne mai ƙaramar murya. Likita yake ce mini, na gyara masa har na gaji na bar shi.

Kusa da gadonsa, a kan buzu, akwai wani dattijo siriri mai farin gemu da carbi a hannu. Da farko na ɗauka mahaifinsa ne. Sista Furera, babbar nas ɗin ɗakin, ita ta gyara mini.

"Uban matarshi ne," ta ce. "Malam Almu, mai ɗinkin manyan riguna a Ƙofar 'Yandaka. Jarkar fetur ɗin janareta ta kama a zaurenshi shina ciki. Yaron ga ya zo wucewa, ya yar da babur ya faɗa. Ya duƙa bisa tsohon ya rufe shi da jikinshi, rufin ya zubo mashi a baya. Kin ga dattijon? Ko gemunshi bai babbake ba."

Ta ce iyayen Sagiru sun rasu, danginsa na can ƙauye inda hanya ba ta biyuwa yanzu, matarsa Lailatu kuma jego take, ba ta yi arba'in ba, sai dai ta dafa ta aiko. Shi ya sa Malam Almu ya naɗe buzunsa ya tare a asibiti, ya kuma rantse ba zai gusa daga gefen gadon ba sai ranar da za su fita tare. A nan yake salla, a nan yake kwana. Shi ke kora masa ƙuda, shi ke gyara masa matashi. Na ga masu jinya iri-iri a ɗakin nan, ban ga kamarsa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ya shiga raina.

Biyar daga cikin mutanena sun bi littafi sau da ƙafa. Wanda ke cinye abincinsa yakan rame kaɗan ya tsaya, wanda ke ragewa ya fi ramewa. Sagiru ne ya ƙi bin layi. Kwanonsa ya fi na kowa nauyi da safe, don Lailatu ba ta wasa: faten wake da ƙwai, farfesun kaza, alale da kifi, duk abin da likita ya ce a ba shi. Da la'asar kuma in tarar da kwanon fes, har an ɗauraye. Amma tef ɗina kullum ƙara shigewa yake. Damtsen da na fara aunawa na mai riƙe kan babur ne, wanda nake aunawa yanzu kuwa yatsuna biyu sun kusa zagaye shi.

Likitan da ke duba shi ya tsaya a kan gadon ranar zagaye yana girgiza kai. Aikin da ake jira shi ne dashen fata, a yanko lafiyayyar fata daga gaban cinyarsa a shimfiɗa a bayan. Ya ce jikin da ke cin kansa ba zai riƙe dashe ba, fatar za ta mutu a banza, kuma duk ranar da bayan nan ya ƙara a buɗe, ƙofa ce aka bar wa ƙwayoyin cuta. Ya ɗaga aikin. Aka ɗebi jini, aka nemi tsutsar ciki, aka nemi ciwon suga, ba a samu abin kamawa ba.

Ni fa a nan kaina ya fara kumbura. Na ce shi ke nan, Ramla, kin gano wani sabon nau'in jiki da duniya ba ta sani ba, mai ƙona abinci ninkin na kowa. A cikin kurkura, wato Keke Napep, a hanyar makaranta, har na fara tsara yadda zan tsaya a gaban manyan malamai ina nuni da sanda, da irin mayafin da zan yafa. Na shiga ofishin Dakta Suwaiba ina haki na zazzage mata. Ta saurare ni har na kai aya.

"Kafin ki canza ilimin duniya," ta ce, "kin taɓa ganin abincin nan yana shiga bakinsa da idonki?"

Kwano nake aunawa, ban taɓa tsayawa na ga mai kwanon yana ci ba.

Washegari na yi fashin laccar rana, na samu kujera a lungun ɗakin na zauna kamar ina duba waya. Malam Almu ya buɗe kwanon, ƙamshin farfesu ya cika wurin, ya matsar da shi daidai hannun Sagiru na dama, ya sa masa cokali.

"Bismilla, Sagiru. Daure ka ci."

Sagiru ya ɗebi romo a bakin cokali, ya juya fuska wajen bango, ya taɓa a leɓe. Ya sake sau ɗaya. Sai ya ajiye cokalin, idonsa a ƙasa.

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi."

"Haba dai. Ko tsoka guda."

"Wallahi Baba, ta ƙi shiga."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, ya jira, ya sake roƙo, ya sake jira. Da abincin ya fara hucewa sai ya miƙe da kwanon ya bi gado-gado yana zuba wa masu jinya, yana cewa sadaka ce, su sa yaron a addu'a. Suna karɓa suna "Allah shi ba shi lahiya." Ya ɗauraye kwanon a famfon bakin ƙofa ya kife. Ashe makonnin nan duk cikin 'yan ɗaki nake ta aunawa. Ɗan kunun da Sagiru ke kurɓa yana kallon bango, shi kaɗai ke riƙe da shi.

Na gaya wa Sista Furera, ta dafe ƙirji, ta gaya wa likita. Aka ba shi maganin buɗe ciki, aka ce idan bai canza ba za a zura masa bututun abinci ta hanci. Sagiru ya ji zancen bututu idonsa ya cika da tsoro, amma cokali bai ƙaru ba. Na tambaye shi ko tashin zuciya yake ji, ya ce a'a. Ko haɗiya na yi masa zafi, ya ce a'a. Ko girkin Lailatu ne bai yi masa ba, ya ce subhanallahi. Duk wannan Malam Almu na gefe yana gyaɗa kai, yana taya ni lallashi.

Sai ga Juma'a. Ban saba zuwa da rana a ranar ba, amma an tashe mu da wuri, na ce bari in leƙa. Ɗakin ya yi shiru, maza masu jinya duk sun tafi masallaci. Buzun Malam Almu babu kowa a kai, don Juma'a ce kaɗai ke iya ɗaga shi daga wurin. Daga bakin ƙofa na ji ƙarar cokali yana kankare kwano.

Sagiru ne. Ya jawo kwanon jikinsa, ya tallabe shi da haɓa, yana tura dambun shinkafa da lafiyayyen hannunsa ba ji ba gani. Ya gama, ya sa yatsa ya sharce gefen kwanon, ya miƙa wuya yana leƙen na maƙwabcinsa. Da ya ɗago muka haɗa ido sai ya daskare, kamar na kama shi da hannu a aljihun wani.

"Malam Sagiru! Ci ya dawo ke nan!"

"Da sauƙi, Likita," ya ce, yana goge baki.

Na koma gida ina murna. Ranar Asabar na dawo, sai na tarar da jiya-i-yau: romo a bakin cokali, fuska a bango, na ƙoshi Baba.

To, a nan ne abin ya zame mini ƙaiƙayi. Mene ne a cikin Juma'a? Na ce ko don ranar Alhamis ake canza masa bandeji da maganin kashe zafi mai ƙarfi, sai na duba, ashe ana canzawa wasu ranakun ma. Na ce ko dambun ne, na aika a roƙi Lailatu ta sake yin irinsa, ta yi, har da zogale da ƙuli, ya taɓa ya ajiye. Na ce ko hayaniyar ɗakin ce ke hana shi, ko zafin rana, ko fankar da ke kansa. Har littafi na buɗe ina neman ko yunwar mai ƙuna tana da zagaye na mako-mako. Babu. Ina ta bin jijiya da sinadaran jini, na bi ta nan na ɓulle ta can, ban kama komai ba.

Ranar Lahadi ina gida a Ƙofar Guga, Siddiq mijin Yaya Madina ya zo gaida Babanmu. Inna ta zuba tuwon shinkafa da miyar taushe ta ce in kai zaure. Ni na san cin Siddiq. A gidansa na sha ganin ya tashi da malmala uku yana tambayar ko akwai ƙanzo. Na dire tiren a gabansa, yana durƙushe a gefen tabarma, Baba na zaune suna ta jera gaisuwa, daga gajiya zuwa iyali zuwa kasuwa zuwa ruwan bana.

"Bismilla, Siddiƙu," in ji Baba.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nike."

Idonsa a ƙasa. Muryar ma iri ɗaya. Baba ya yi ɗan murmushi, ya laluba takalmansa ya ce bari ya leƙa wajen Malam liman, akwai maganar da za su ƙarasa. Babu wata magana, kowa ya sani. Ƙafarsa na fita Siddiq ya gyara zama ya nannaɗe hannun riga.

Saura kaɗan jug ɗin ruwan ya suɓuce mini. Abin da na tashi a cikinsa, abin da na gani tun ban san kaina ba, shi na tsallake na tafi neman sinadari. Namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. A gidanmu abin dariya ne, don Baba yakan tashi ya ba da wuri. A gefen gadon Sagiru kuwa babu mai tashi.

Da sassafe na isa asibiti na yi ta gyare-gyaren sikeli har Malam Almu ya ɗauki buta ya fita kama ruwa. Na matso kusa da gadon.

"Malam Sagiru, ba ciwo ne ya hana ka ci ba. Baba ne."

Ya rufe ido.

"Likita, surukina ne fa."

"To sai me? Ka ga hannunka kuwa? Jikinka cin kansa yake! Ka shiga wuta ba ka ji tsoro ba, sai loma ce za ta gagare ka?"

Na san na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, don na gadon kusa ya juyo. Haushi ne ya kama ni, da tausayi, duk a haɗe.

"Wuta daban," ya ce a hankali. "Wuta ban yi tunani ba. Wannan kau, na gwada, wallahi na gwada. In na ɗauko lomar, na tuna shina kallo, sai maƙogwaron ya rufe. In tauna a gabanshi? Mu can gida ko ruwa ba ka sha a gaban uban matarka. Ni da na zo birni da buhun kayana, ba ni da kowa, ya ɗauki ɗiyarshi ya ba ni."

"Bari in gaya masa. Minti nawa ne? Ya fita, ka ci, ya dawo."

Ya miƙo hannun dama kamar zai riƙe gefen hijabina, sai ya fasa.

"Don girman Allah kar ki hwaɗa mashi. Mutumen ga ya bar allurarshi, ya bar gidanshi, shina kwana bisa siminti da tsufanshi saboda ni. Sai a ce mashi zamanka ne ke kashe yaron? Gara bututun. Ki yi mani alkawari."

Na ji takun dattijon yana dawowa. Na yi alkawarin, ina jin haushin kaina tun kafin in rufe baki.

Sista Furera ba ta cikin alkawarin, don haka na same ta a tebur na faɗa mata. Ta yi salati, ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce ta taɓa gwada fitar da shi lokacin shara, ya ce a share da shi, ya riga ya rantse. Ta kuma tuna mini abin da na fi ta sani a takarda: mai ƙuna irin ta Sagiru ba sau uku zai ci ba. Kaɗan-kaɗan zai yi ta ci tun safe har dare, ƙwai yanzu, kunun gyaɗa an jima, nono bayan nan. Wato ba fitar minti biyar ake nema a wurin tsohon ba, kusan yinin gaba ɗaya ne.

Na ce bari in gwada dabara. Na same shi a baranda yana shanya ɗan tawul ɗin Sagiru, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska kamar kullum.

"Baba, wata ƙa'ida ce ta bincikenmu aka turo daga makaranta. An ce lokacin da majinyaci ke cin abinci kada kowa ya zauna kusa. Saboda awo. Sikelin ba ya ba da daidai in da mutum a wurin."

Ban iya ƙarya ba, ko ni da na faɗa na ji ba ta zauna ba. Ya dube ni, ya dubi ɗan sikelin kek da ke hannuna, gemunsa na rawa da dariya.

"Ikon Allah. Ɗiyata, shi sikelin naku kunya gare shi? Halan ni surukinshi ne, da ba ya iya..."

Bai ƙarasa ba. Na ga dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Tawul ɗin na hannunsa yana ɗiga a kan ƙafarsa bai kula ba. Ya juya ya kalli tagar ɗakin, ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan dakalin barandar kamar an zare masa ƙashi.

"Ran Juma'a," ya ce. "Na dawo na iske kwanon wayam. Na ce wa na yi wa sadaka ban sani ba?"

Alkawari na riƙe, in dai shirun nan ana kiransa riƙewa.

"Ni da na yi zaman surukuta da uban uwar Lailatu har ya koma ga Allah ban taɓa tauna goro a gabanshi ba. Ni za a koya ma wannan?" Ya share fuska da tafin hannu. "Na manta, ɗiyata. Wallahi na manta surukina ne. Tun ran da ya kwanta bisa kaina ina jin naman bayanshi na ƙonewa, ban ƙara ganin miji na ɗiyata ba. Ɗana nike gani. Ina zaune ina roƙon Allah shi ba shi ci, ashe ni na tsare ƙofar."

Hawaye suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Na ce masa ko zai shiga ya faɗa wa Sagiru wannan maganar da bakinsa, wataƙila in ya ji ta kunyar ta sake shi. Ya girgiza kai.

"Sai in ƙara mashi wani nauyin. Zai tura lomar don kar in ji ba daɗi, ta tsaya mashi a wuya. Tarbiyyarshi ce, ba a cire ta rana guda, kuma ba ni son a cire." Ya miƙe. "Rantsuwata kau, zan yi kaffara."

Ya shiga ya naɗe buzunsa. Ina jinsa yana gaya wa Sagiru cewa masu riguna sun matsa masa, salla ta gabato, dole ya koma bakin allura, zai riƙa leƙowa da asuba da kuma bayan isha. Sagiru ya ce Allah ya taimaka, Baba, Allah ya saka da alheri. Babu wanda ya kalli wani a cikinsu.

Amma bai koma Ƙofar 'Yandaka ba. Akwai wani iccen bedi, wato dogon yaro, a bayan ɗakin, can wajen katanga, inda ba a hango shi daga gado. A nan na gan shi washegari, ya shimfiɗa buzu, ya baza wata shuɗiyar shadda a cinya yana ɗinkin wuya. Ya kira ni da hannu.

"Ya ci?"

"Ya ci ƙwai biyu, Baba, da kunu."

"Kar ki ce mashi ina nan."

Haka muka shiga sabon tsari. Yanzu a gabana ake ci, na daina yarda da kwano. Sagiru na ci kamar mai biyan bashin ciki, wani lokaci har sai Sista Furera ta ce ya sassauta kada ya dawo da shi. Tef ɗina ya fara tsayawa wuri ɗaya, ya daɗe a tsaye har na fara fargaba, sannan wata safiya ya motsa waje da abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na auna sau uku don kada in sake yi wa kaina ƙarya. Bugun zuciyarsa na nan da gudunsa, wutar cikin ba ta mutu ba, sai dai yanzu ta samu itace ta bar ƙyaure. Da aka ci gaba a haka likita ya duba bayan, ya ce nama ya yi ja mai kyau, ya sa ranar dashe.

Da na ba Dakta Suwaiba labari ta cire tabarau ta ce in rubuta shi a babi na huɗu yadda ya faru, har da awon cikin 'yan ɗaki. Na ce a ƙarƙashin wane sinadari zan sa shi? Ta ce in nemo masa suna da kaina, ai ni mai son canza ilimin duniya ce.

Ana gobe aikin, da rana, na kai wa Sagiru kwanonsa na ƙarshe kafin a hana shi ci. Faten wake ne da kifi. Ya cinye, ya sharce gefen da yatsa. Na miƙa hannu zan ɗauka in ɗauraye, sai ya dafe kwanon.

"Likita, kar ki wanke."

"Me ya sa?"

"Ki kai mashi haka nan." Ya yi nuni da haɓa wajen katanga, idonsa a ƙasa. "Tarinshi nike ji tun ranar farko."

Na zagaya bayan ɗakin da kwanon a hannu. Malam Almu ya soke allurar a jikin shaddar ya karɓa da hannu biyu. Ya leƙa ciki, ya ga sawun yatsa a zagaye da gefen.

"Shi ya cinye?"

"Shi kaɗai, Baba. Shi ya ce in kawo maka."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi bangon ɗakin. Ya kife kwanon a kan tafin hannunsa ya girgiza, babu abin da ya faɗo. Na tsaya ina jira ya miƙo mini in je in wanke, bai miƙo ba.